Kwallin Mma Katumi

"Ɗaga haɓar mana, Katumi! So kike yarinyar ta gan ki kamar kazar da ruwa ya doka?"

Sanatu ta ja ɗankwalin ta ɗaure shi tamau, fiye ma da yadda ya kamata. Mma Katumi, maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba su a Tamale, ta ɗaga haɓar. Ciwon hanta ya cinye ta, idanun sun yi ɗorawa.

Duk Juma'a bayan la'asar aikin ke nan. A jingine ta a gindin darbejiya, a murza mata man kaɗanya a kumatu, a rangaɗa kwalli, sannan Sanatu ta riƙe mata waya. Sai ga fuskar Tiyumba, 'yarta tilo, daga Gabon.

"Mma, kin ga ajina? Yau yaran sun yi min waƙa da Turanci tun daga farko har ƙarshe! Kai, Mma, ƙiba ma kike yi."

"Tuwon Sanatu ne," in ji Mma Katumi, ta yi dariyar da ta tara wa ƙarfi tun safe.

Sanatu ta washe baki don dole. Ajina! Tiyumba da Wumbei, ɗan Sanatu, tare suka yi kwas ɗin koyar da Turancin nan, rana ɗaya suka gama. Wumbei ne ma yake gyara mata rubutu a kan wannan tabarmar. Makarantar ta Gabon mutum ɗaya take so, ta ɗauki yarinyar, ta ce Wumbei ne na gaba in Tiyumba ta fasa. Sharaɗinsu kuma zangon farko ba fita. Wanda ya taho gida ya taho ke nan. Yanzu ga Wumbei can yana jan keke mai ƙafa uku a bakin kasuwa, da Turancinsa da komai.

Shi ya sa Mma Katumi ta hana a faɗa wa 'yarta ciwon. Wayar kuma, da ciwon ya yi nauyi, sai ta damƙa wa Sanatu. Rannan Sanatu ta buɗe lambar yarinyar a madafi, yatsanta a kai, ta tsaya har tuwo ya kama.

Wannan Juma'ar da aka kashe wayar, Mma Katumi ta zame daga jikin bishiyar tana haki. Sanatu ta tallafe ta, maganar da ta daɗe tana ci mata rai ta kuɓuce.

"Kalma ɗaya fa, Katumi. In na faɗa, gobe tana cikin jirgi, jibi ɗana yana cikin nasa. Wallahi ina jin haushinki."

"Na sani," in ji ta. "A ɗaurin ɗankwali nake ji." Ta numfasa. "Ni ma naki nake ji. Kullum da magariba ina jin kekensa ya tsaya, in ji ya ce, 'Mma, na dawo.' Ta katanga nake jiyowa. Wani lokaci har in amsa a hankali, don kada ki ji."

Sanatu ta miƙa hannu. Ta sassauta ɗankwalin.

Ranar Alhamis da Wumbei ya ajiye keke, Sanatu ta tare shi a ƙofa.

"Ba nan ba. Shiga gidan Katumi ka faɗa."

"In faɗi me, Mma?"

"Abin da kake faɗa kullum, sakarai."

Ta tsaya jikin katanga. Ta ji sallamarsa, ta ji ya faɗa. Ta ji Mma Katumi ta amsa da ƙarfi, "Sannu da zuwa, ɗana."

Washegari da hantsi Mma Katumi ta cika. Sanatu ce ta yi mata wanka. Wumbei ya kama makara ta gaba, shi kuma ya shiga kabarin ya karɓe ta. Dattawan gida suka ce kawun yarinyar ne zai sanar da ita, sai zango ya ƙare, saura kaɗan.

La'asar na yi, wayar ta ɗauki ƙara a haɓar zanin Sanatu. Ta kwance ta. Ga hoton Tiyumba, tana murmushi a gaban allo. Har yanzu zuciyarta tana ce mata allon ɗanta ne. Ba sai ta yi magana ba ma. In ta ɗaga kawai, yarinyar za ta ga matan da suka cika tsakar gida.

Ta kifa wayar a tabarma kusa da tandun kwalli, ta danne hannuwanta da cinyoyinta. Kiran ya katse, Tiyumba ta sake kira, ya sake katsewa.

Da magariba Wumbei ya shigo, jar ƙasa har gwiwarsa.

"Mma, na dawo."

Sanatu ba ta amsa da wuri ba. Ta juya kunne wajen katangar tukuna.