Haske a Rijiyar Tsamaye

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, rijiyar unguwar su Halliru a Tsamaye ta ƙafe. Ƙanensa Almu ya shiga don ya ƙara mata zurfi. Wajen azahar gefe guda ya rufta, yashi ya binne shi har ƙugu.

Halliru mai gyaran rediyo ne. Yana rumfarsa Azumi, matar Almu, ta iso a guje.

"Yaya, rijiya ta rufta wa Almu. Yana magana, amma ba a ganin komi ciki. Maƙwabcinmu Malami ya shiga da fitila, ta mutu, babu iska. Tocilan kuma ba batir."

Halliru ya kwashi ƙananan fararen ƙwayayen da ya ciro daga matattun tociloli, da doguwar waya, da batirin babur ɗinsa. A bakin rijiya ya haɗa ƙwai ɗaya da batirin kai tsaye. Ya yi wal, ya ƙone. Wutar batirin ta fi ƙarfinsa, sai an sa abin da zai rage ta, shi kuwa rizistocinsa, masu wannan aikin, sun ƙare tuni. Saura ƙwai uku.

Wani tsoho, Wakili, na tsaye da rediyo a kafaɗa.

"Baba, ba ni rediyonka. Hwasa shi za ni yi."

Tsohon ya miƙa. Halliru ya yanko maɓallin rage murya, wanda shi ma yana rage wuta, ya jera ƙwayayen, ya sa shi tsakaninsu da batiri. Ya murza a hankali har suka yi haske dishi-dishi. Aka ɗaura su a hular Malami, aka zura shi da igiya.

"Ƙara!" in ji Malami daga ƙasa. "Ban ganin hannunai."

"In na ƙara ƙonewa za su yi, kuma babu wasu."

"Ƙara dai, yashi na zubowa."

Ya ƙara kaɗan. Maɓallin ya ɗau zafi a yatsunsa, bai saki ba. Guga na fitowa da yashi, Azumi na juyewa. Muryar Almu ta daina zuwa.

Bayan la'asar aka jawo Almu, a sume amma yana numfashi. Ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu, kuma ba ta sake kai shi gona ba. Kafin kaka, da ba a girbe komi ba, Halliru ya rufe rumfa, shi da Almu da Azumi suka koma garin Isa wajen danginta.