Kati Biyu, Lamba Ɗaya

Masu jarrabawa sun cika zauren cibiyar, kowa ya zuba wa kwamfutarsa ido, amma babu wadda ta buɗe tambaya ko ɗaya. Sufeto daga hukumar jarrabawa ta leƙo ɗakin babbar kwamfutar da ke raba wa sauran tambayoyi.

"Injiniya, in na zagayo na tarar da haka, zan kwashe yaran nan zuwa wata cibiya. Lasisinku kuma ya bi su."

Tana fita Injiniya ta juya kan yayanta, wanda suka buɗe cibiyar tare. Yana raɓe a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota.

"Yaya, wa ya taɓa min injin nan?"

"Taimako dai na yi. Jiya kina asibiti da Umma aka kawo sabon katin sadarwa da zai haɗa injin da kwamfutocin zaure. Na kwafi fayil ɗin saitin tsohon katin, na canja suna da adireshi. Godiya ma ya kamata ki yi."

Ta buɗe fayilolin biyu gefe da gefe. Ranta ya ɓaci.

"Wannan dogon layin fa, ka canja shi?"

"Tarkacen haruffan nan? Na ɗauka ado ne."

"Ado." Ta cije leɓe. "Lambar shaida ce. Da ita injin ke bambanta saiti da saiti, ba da sunan da ka raɗa ba. Ya ga biyu da lamba ɗaya, ya riƙe ɗaya ya watsar da ɗaya. Na zaure ya watsar."

"To ni a shagona..."

"Nan ba shagon fotokwafinka ba ne."

"Auta, ni kike ɗaga wa murya? Ni fa na goya ki."

"Ka daɗe da sauke ni. Matsa."

Ta sa injin ya fitar da sabuwar lamba, ta goge tsohuwar ta liƙa wannan, ta sake tayar da sadarwar. Shiru. Can sai zauren ya ɗauki ƙarar danna maɓallai.

Sufeto ta shigo fuska a murtuke.

"Kun tsira da lasisi, amma jinkirin nan sai ya shiga rahotona. Wa ke kula da injin?"

Yaya ya gyara murya. "Ai mu biyu ne..."

"Ni kaɗai ce," in ji Injiniya. Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana canja kalmar sirrin injin.