Kalma da Kalma a Shagon Baba

Auta, ƙanwata, ta rubuta littafi da Turanci, ni kuma da nake koyar da Turancin a sakandare aka ɗora wa nauyin karanta wa Baba shi. Ko ɗar ban ji ba. Fassara a jinina take, na san inda zan taka, na san inda zan tsallake.

Tun ranar da Auta ta ajiye aikin banki ta ce rubutu za ta yi, Baba bai ƙara amsa gaisuwarta da abin da ya wuce "lafiya" ba. Ta aiko masa da littafin ne ko Allah zai sa ya sauko. Sai dai a cikinsa akwai wani tsoho mai gyaran agogo, mai taurin kai, wanda bai taɓa yaba wa 'yarsa ba. Baba kuwa gyaran agogo yake yi, a taurin kai kuma ko jaki ya sallama masa.

Na same shi a shago ranar Asabar da hantsi, gilashin gyara maƙale a ido ɗaya, ƙananan kusoshi zube a murfin gwangwani. Ko ɗagowa bai yi ba ya kafa mini sharaɗi.

"Kalma da kalma za ki faɗa mini. Abin da ta rubuta nake so, ba abin da kike so in ji ba."

"Baba, adabi ba a yi masa haka," na ce, da muryar da nake yi wa 'yan aji. "Ƙagaggen labari ne. Tsohon ciki ba kowa ba ne."

"To madalla. Karanta."

Ban yi nisa ba muka zo inda tsohon ke ajiye kusoshi a murfin gwangwani. Baba ya dubi murfinsa, ya dube ni.

"Ba kowa ba ne, ko?"

Na yi kamar ban ji ba. Da muka kai inda 'yar ta kawo sakamakon jarrabawa tsohon ya ce ta matsa tana tare masa haske, sai na dunƙule shafin na ce, "Ta zo, suka gaisa."

"Tsaya, Malama. Idonki ya yi tafiya daga sama har ƙasa, bakinki kuwa ko ƙofa bai fita ba. Ina sauran?"

Haushi ya kama ni. Ina ƙoƙarin rufa wa mutum asiri, shi yana yaye zanen da hannunsa. To, wanda ya ce zai haɗiye gatari ai sai a sakar masa ƙota. Na koma farkon shafin na zuba masa komai, ban rage ba, ban sa gishiri ba. Haka muka riƙa yi kullum in na taso daga makaranta. Wani wurin ya yi tsaki, wani wurin ya yi dariya ya ce, "Ja'irar yarinya, ashe tana gani."

A babin ƙarshe tsohon ya rasu. 'Yar ta tsaya a ƙofar shagon, agogunan suna ta bugawa, tana jiran kalmar da ba za ta taɓa zuwa ba. Na rufe littafin a hankali, don ni ma na jira kalmar nan a rayuwata.

"Shi ke nan?" in ji Baba. "Bai ce mata komai ba?"

"Bai ce ba."

"Duba bayan shafin."

"Babu komai, Baba."

Ya cire gilashin daga idonsa ya ajiye. "Amma wannan tsoho sakarai ne. Kira mini ita."

Na kira, na sa wayar yadda kowa zai ji. Auta ta yi sallama a ɗarare.

"Auta, tsohon nan ni ne, kada yayarki ta ruɗe ni da wani adabi. Duk abin da kika rubuta haka aka yi, ban da ƙarshen. Kin yi gaggawar binne ni."

"Baba, wallahi ba haka..."

"Yi shiru, ina da sauran numfashi, kuma zan yi amfani da shi. Kin iya, kin ji? Kin iya ƙwarai. Allah ya yi miki albarka."

Kukanta ya cika shagon. Baba ya miƙo mini wayar, amma bai saki hannuna ba.

"Ke ma zauna," ya ce. "Ban gama ba."