Batirin da Oga Zunnuraini ya cire

Tun da Prisila ta fara aikin kwastan a bakin iyakar Jibiya ba ta ga mai son hoto kamar Oga Zunnuraini ba. Ko kaza aka kama sai ya kira 'yan jarida.

Ran nan aka tsare wata mota daga Maraɗi, buhunan wake a sama, katan-katan na giya a ƙasa. Mai kayan ya ce zai kama ruwa, ya bi ta bayan rumfunan 'yan fetur, shi ke nan. Ya bar Arzika, direban da ya ɗauko haya, ya bar kwamfutarsa a kunne kan kujera. Arzika ya yi ta rantsuwa wake kawai aka ce ya ɗauko. Wa zai saurare shi? Kotun shari'a na jiransa da bulala, motar da yake ci da iyali kuma ta tafi.

Prisila ce mai binciken na'urori. Tana dubawa murna ta kama ta: faifan ajiyar bayanan kwamfutar na kulle ne, amma mai shi ya gudu ya bar shi a buɗe. Har ta hango saƙonninsa da dillalan giyar, waɗanda za su wanke Arzika. Ta jona wuta, ta buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, za ta kwafe komai, sai nata faifan da take kwafewa a kai ya cika. Ta yi wa Oga bayani dalla-dalla, cewa mabuɗin yana ciki ne muddin na'urar na kunne, in ta mutu ya tafi, sai mai kalmar sirri.

Oga ya leƙa allon ya taɓe baki. Wai wannan wane irin aiki ne, ba hoto ba kala, sai rubutu kamar tururuwa. Shi fa ya yi kwas a Kaduna.

"Don Allah, Oga, kada kowa ya taɓa," in ji ta, ta hau babur neman babban faifai.

Tana dawowa ta tarar an baje kolin kamu a kan tabarma, yadda aka saba. Ga giya an jera, ga Arzika a tsugune cikin rana. Ga kwamfuta a rufe, ga batirinta gefe guda, ga caja an naɗe, kowanne da lambarsa. A wurin Oga abu ɗaya ai bai cika tabarma ba, shi ya sa ya raba shi uku. Yana tsaye ya turo ciki, yana gaya wa 'yan jarida irin ƙwarewar ofishinsa.

Da aka watse ta mayar da batirin ta kunna. Layi ɗaya ya fito, yana neman kalmar sirri.

Za a saka Arzika a mota ya waiwayo, fuskarsa har da fara'a, bawan Allah.

"Madam, kin nuna musu abin da ke ciki, ko?"