Tagar Maliki

Tun da aka shuka auduga a shekarar nan Maliki ya rasa lafiya. Fitsarin jini ya kama shi, irin wanda ake kwasowa a ruwan magudana. Ya rame, in ya ɗaga fartanya kaɗan sai ya nemi wurin zama. Kowa a ƙauyenmu kuwa ya san ƙa'ida: duk hawasha, wato gonar ban-ruwa ta gwamnati, da aka bari ciyawa ta cinye ko ƙishi ya kashe, mufattish mai duba gonakin zai karɓe ya ba wani. Gonar nan ita kaɗai ce uban Maliki ya bar masa, bayan ya taso daga Sakkwato da niyyar hajji, ya maƙale a nan Jazira.

Matarsa Indo ce ta matsa masa har ya hau jaki ya tafi garin Hajj Abdalla, inda wani likita Bature ya sauka yana duba masu irin wannan ciwo. Baturen ya ja fatar idonsa, ya danna cikinsa, ya yi ta Turanci. Kalma ɗaya Maliki ya riƙe, don ta yi ta fitowa: enaji. Mai fassara, wani ɗan birnin Madani mai ɗan banzan sauri, ya juya ta da Larabcin makaranta, ya ce wai Maliki ba shi da taga. Ya danƙa masa ƙwayoyi, ya kira na gaba.

To, Larabcin Maliki na kasuwa ne, kuma a Larabcin kasuwa da Hausar gida duka, taga taga ce, kafar bango. Ɗakinsa kuma da gaske ba shi da ita. Nan hankalinsa ya tashi. Yaya aka yi Baturen da bai taɓa taka ƙauyenmu ba ya san cikin ɗakinsa? Kafin jaki ya iso gida ya riga ya gama shari'a shi kaɗai, kuma hukuncin ya faɗa kan Mato.

Mato maƙwabcinsa ne, ba shi da hawasha, ƙwadago yake yi a gonakin mutane. Shi kaɗai ne ke shiga har ɗaki ya duba shi. Maliki ya tuna ranar da Mato ya zauna yana kallon bango, yana cewa ɗakin ya cika duhu. Ya tuna yadda yake yawan tambayar ranar da ruwan magudana zai zagayo kan gonar. Ya gaya wa Indo cewa Mato ne ya kai rahoto, ana tara hujja a ce shi gidansa ma ya gagare shi, balle gona. Indo ta ce Bature ina ruwansa da bangon laka, ya ce ita ba ta san mutane ba. Ni dai Maliki ya ba ni haushi a lokacin, ya kuma ba ni tausayi, don tsoro ne ya hana shi tunani.

Indo ta kasa haƙuri, ta faɗa wa Mato. Ranar kasuwa Mato ya nemi mai fassarar ya tambaye shi, ya dawo da murnarsa. Daga bakin ƙofa ya yi bayani cewa enajin nan ƙarfin jiki ne, kuzari, har wutar lantarki ma haka Turawa ke ce mata, kuma masu karatu da Larabci taga suke kiran abin.

Maliki ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Ashe dai ka san hanyar wurin. Mi kat tahi yi, in ba ka saba zuwa ba?"

Ya hana shi shiga gidan, ya kuma ce kada ƙafarsa ta taɓa hawashar.

Washegari ya ɗauki fartanya ya fara saran bango ta wajen gabas, don in mufattish ya zo ya tarar da taga. Bai yi nisa ba numfashi ya gagare shi. Indo ce ta ƙarasa, tana yi tana mita. Kafar ta fito karkatacciya, amma tana kallon gonarsa sak.

Ranar da ruwa ya zagayo, Maliki ya farka da safe ya leƙa. Ga Mato can tsakiyar hawasha, ruwa har ƙauri, yana fasa kunya yana shigar da ruwa layi layi. Ran Maliki ya ɓaci, ya ce ga shi nan, tun yanzu yana gwada gonar. Ya yunƙura zai je ya kore shi, ya kasa miƙewa. Ya kama bakin tagar da hannu biyu, ya sake yunƙurawa, sai ya zame ya zauna a ƙasa yana haki. Hasken da ya shigo ta kafar ya sauka kan ƙafafunsa, ya daɗe yana kallon yadda suka koma kamar karan dawa.

"Indo," in ji shi a hankali, "ga taga mun huda, amma har yanzu ba ni da ita."

Indo tana tsaye da butar shayi, tana jira.

"Kai mashi can gona," ya ce. "Ki sa sukari da yawa."