Haƙarƙarin Sa a Kan Tsinke

Ernestine Gaddis tana jera cokula masu yatsu a tebur na huɗu sai ga Mista Pruitt ya faɗo ɗakin taron yana haki, waya a hannu, kai ka ce kare ne ya biyo shi.

"Mis Ernestine, kwashe! Cokulan, wuƙaƙen, har kujerun, a fitar da su duka."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Shekara ashirin da biyu tana dafa wa 'yan siyasar Washington abinci, ta ga masu kamun ƙafa iri-iri, amma ba ta taɓa ganin mai saurin ruɗewa irin Pruitt ba. Shi ne mai yi wa kamfanin takin zamani na Corvane kamun ƙafa a majalisa, kuma shi ya shirya wannan liyafa ta tara wa ɗan majalisa Halvorsen gudummawar kamfe.

"Sha ruwa tukuna, ɗan nan," ta ce. "Wa ya mutu?"

"Ofishinmu ya dakatar da duk wata gudummawa ga 'yan siyasa. Yanzun nan sanarwar ta fita. Saboda tarzomar nan."

Sai a lokacin ta ɗago. Tun da zauna-gari-banzan nan suka fasa ginin majalisa, kamfanoni ke ta rige-rigen fitar da sanarwar baƙin ciki, kowace sanarwa kuwa da liyafar da take tafiya da ita. Shida aka soke mata tun ranar Litinin. Wannan ce ta ƙarshe a kalandarta, kuma ta riga ta faɗa wa mijinta Odell cewa in ita ma ta tafi, za ta mayar wa mai gini makullin kicin ɗinta na haya a titin Georgia ta zauna a gida.

Odell ɗin ne ya leƙo daga baya riƙe da ludayi. Direban bas ne da ya yi ritaya, ya koma ɗaukar mata tukwane yana ba ta shawarar da ba ta nema ba.

"To in ba ku ba ɗan majalisar kuɗi ba, ba sai ku ba shi abinci ba?" in ji shi. "Ko shi ma an dakatar?"

Pruitt ya share zufa. "Mista Odell, ai nan matsalar take. In akwai ceki a ambulan, taron tara gudummawa ne, ya zauna ya ci har ya kwance bel. In babu ceki, abincin ya zama kyauta daga mai kamun ƙafa, ƙa'idar majalisa kuwa ta hana. Sai dai ɗan abin taɓawa, a tsaye, wanda tsinken sakace zai ɗauka."

"Tsaya in gane. Da kuɗi, halal. Ba kuɗi, cin hanci."

"Ba haka za ka faɗe shi ba."

"To ya zan faɗe shi?"

Pruitt ya dubi agogo, ya ce da ƙaramar murya wataƙila gara a soke kawai.

Ernestine ta waiwaya ta dubi kicin. Haƙarƙarin sa ne a ciki da ya kwana a kan wuta har ƙashi ya saki nama don kansa, ga makaroni da cuku irin na kakarta, ga ganye, ga burodin masara. Abinci ne da ake zama a ci da natsuwa, a yi shiru don girmamawa. Wai shi za a tsire a tsinke! Amma ta tuna makullin nan.

"Ƙarfe nawa zai iso?"

"Sha biyu da rabi."

"Tsoho, ajiye ludayin nan. Bi shagunan layin nan ka kwaso min duk tsinken da ka gani. Kai kuma Mista Pruitt, tuɓe kwat, kujeru arba'in ne, ba za su fitar da kansu ba."

Wuƙa ta shiga aiki. Ta yayyanka naman gutsi-gutsi tana ba shi haƙuri a ranta. Makaronin ta yanka ƙanana, ta birkiɗa a garin burodi ta jefa a mai. Ganyen ne ya so ya yi gardama, sai ta naɗe shi dunƙule-dunƙule ta soke. Pruitt yana wucewa da kujera a ka ya tsaya ya duba wani yanki, wai ya yi girma, yana kama da abinci.

"Abinci ne mana!"

"Don Allah kar ya yi kama da shi."

Ta raba shi biyu tana harararsa.

Halvorsen ya iso a kan lokaci, dogo, jajir, da muƙarrabai uku a bayansa. Ya dubi ɗakin wayam babu kujera, ya dubi hannun Pruitt babu ambulan, fuskarsa ta yi kamar an yi masa rasuwa. Ernestine ta san shi sarai. Yana cikin waɗanda suka yi ta zuga mutane a talabijin kafin ranar tarzomar. Ƙanenta Cleophus, mai shara a ginin majalisa, awa uku ya yi a ɓoye a ɗakin tsintsiyoyi yana turo mata saƙon ta kula masa da 'ya'ya, da aka watse kuma shi aka miƙa wa tsintsiya ya share gilasan. Ta ɗauki faranti ta miƙa wa mutumin.

"Bismillah, yallaɓai."

Ya ɗauki ɗaya don kara. Ya tauna. Ya lumshe ido. Daga nan fa bai ƙara matsawa daga gefen farantin ba. Tsinken da ya gama da shi sai ya zura a aljihun kwat don kar a ga tarinsu, bai san Odell na bakin ƙofa yana bin kowanne da ido ba.

"Pruitt, kun juya mana baya," in ji Halvorsen, bakinsa cike da nama. "Wallahi ana gana mana azaba a garin nan."

"Na ɗan lokaci ne, yallaɓai. Sai ƙura ta lafa."

Da can Halvorsen minti ashirin yake yi, ya karɓi ambulan ya fice. Yau da babu abin karɓa sai tsinke, awa ɗaya da kwata ya yi a tsaye, Pruitt na zuba masa bayanin dokar taki shafi-shafi, shi kuma yana gyaɗa kai yana miƙa hannu. Da zai tafi aljihunsa ya yi tsiri-tsiri kamar bushiya.

Pruitt ya shigo kicin fuskarsa kamar gonar auduga.

"Mis Ernestine, bai taɓa saurarona haka ba! Kowace Alhamis nake so. Daidai irin wannan, a tsaye."

Ta ci gaba da goge wuƙarta, don kar ya ga yadda numfashi ya dawo mata.

"Har zuwa yaushe?"

Ya gyara wuyan riga, ya ɗauko muryar sanarwa. "Har sai mun gamsu sun ɗauki darasi."

Bayan ya fita Odell ya rungumo akwatin cokulan, ɗari da ashirin, ko ɗaya bai taɓa miya ba.

"Tsohuwa, waɗannan fa? In kai su can ƙuryar sito, ko a sayar?"

Ernestine ta laluba makullin kicin a aljihunta, ta ji shi yana nan. Ta taga ta hango Halvorsen yana shiga mota, yana zazzage aljihu a bakin kwata, wani mai shara na tahowa a bayansa da tsintsiya.

"Ajiye su a bakin ƙofa," ta ce. "Kar ma ka ɗaure akwatin, darasin nan ba zai daɗe ba."