Hoton Huhun Tatay

Ranar da guguwa ta nufo tsibirinmu, ranar ce rumbun ajiyar kwamfutocin asibitinmu ya ga damar cika. Ni ce mai kula da shi. Kuma a safiyar nan mahaifina, Tatay Dencio, yana kwance a ɗakin hoto, yana jiran a sake duba ƙarin da aka gani a huhunsa bara.

Likitarsa, Dok Abellanosa, ta kira ni a waya.

"Liwayway, na'urar ta ƙi ɗauka, wai babu wurin ajiya. Jirgin ruwa na ƙarshe zai tashi kafin iska ta iso. Sai na ajiye sabon hoto kusa da na bara kafin in san ko zan tura shi birni a yi masa aiki."

Na ji muryar Tatay daga nesa yana cewa, "Ki ce mata kada ta yi gaggawa, Dok. Ni birnin nan ba son sa nake ba."

Rumbun namu ɗaya ne, amma an yanka shi ɗaki-ɗaki, kuma katangar tsakani tana matsuwa. Ɗakin sababbin hotuna ya cika maƙil, na tsofaffi kuwa yana da sauran fili. Ƙara wa ɗaki girma wasan yara ne. Rage shi ne mai haɗari, domin kwamfuta ba ta jera kaya a kusurwa ɗaya, warwatsa su take yi kamar kaza mai tono. Sai an tattara komai gefe guda kafin a jawo katangar. In wuta ta ɗauke ana cikin tattarawar, duk abin da ke ɗakin ya zama shara. Hoton Tatay na bara yana cikin ɗakin tsofaffin da zan rage, kuma ba shi da na biyu. Na'urar da ke ajiye mana kwafi ambaliya ta cinye ta, manyanmu kuma har yau suna "za a sayo". Ni dai na gaji da rubuta musu.

Kuya Boyet, mai kula da wutar asibitin, ya leƙo da biredi a hannu.

"Yau za ki taɓa rumbun nan? Kin ga sama kuwa?"

"Batir ɗinka zai riƙe in wuta ta ɗauke?"

"Batirin nan ya girme ki, 'yar'uwa. Zai riƙe gwargwadon shan kofi, in mai shan yana sauri."

Na ɗora yatsa a kan maɓalli. Sai ya sunkuyo wajen akwatin rumbun ya ce, "Tabi-tabi po, masu wuri, ku matsa za mu wuce," yadda tsofaffinmu ke neman gafarar mutanen ɓoye kafin su taka suri ko kangon fili.

"Kuya, kwamfuta ce, ba suri ba."

"Duk inda kika ga kamar ba kowa, akwai mai shi."

Na harare shi na danna.

Aikin ya fara tafiya, layin da ke nuna ci gabansa yana jan ciki a kan allo. Ba a tsayar da shi, ba a gaggauta shi. Ruwa ya soma dukan kwano, taga tana kakkarwa. Na zauna na haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi don kada in taɓa komai. Tsoro nake ji ƙwarai, irin wanda ke sa mutum jin fitsari.

Layin ya ɗan wuce rabi, fitilu suka yi ƙifta ɗaya, suka mutu.

Batir ya fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Kuya Boyet ya yar da biredinsa ya fita cikin ruwa zuwa rumfar janareta. Na ji ya ja igiya, injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake ja, shiru. Kukan batirin ya ƙara sauri. A cikin akwatin nan, a wani wuri da ban sani ba, hoton huhun ubana yana hanya tsakanin tsohon mazauninsa da sabo, ba ya can ba ya nan. Na durƙusa gaban akwatin, ni da na yi karatu har birni, na kai bakina kusa da ƙarfen.

"Tabi-tabi po. Don Allah ku bar mana wannan ɗaya."

Janareta ya kama. Fitilu suka dawo ja-ja, sannan suka yi fari.

Da layin ya kai ƙarshe na jawo katangar, na miƙa wa ɗakin sababbi filin. Na buɗe na tsofaffi. Ga sunan Tatay, ga hotonsa lafiya lau. Na yi dariya ni kaɗai, na ruga ɗakin hoto kamar wadda ta ci gasa.

Na jira a bakin ƙofa har aka gama ɗauka. Dok Abellanosa ta ajiye hotunan biyu gefe da gefe. Ni ba likita ba ce, amma ina da ido. Ƙarin na bara bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Na yau ya kai lemun tsami, ga kuma ƙanana sun tsiro a ɗaya huhun.

Idon Dok yana kan hotunan. Ba ta dube ni ba ta ce a hankali, "Ba sai ya hau jirgin ba, Liwayway. Ki kai shi gida kafin iska ta tsananta. Duk abin da yake sha'awar ci, ki ba shi."

Tatay ya fito yana gyara riga, ya tsinci farkon maganar kawai. Fuskarsa ta washe.

"Kin ji ko, anak, 'yata? Na tsira daga birni. Aikinki ya yi kyau."

Na ce, "Ya yi, Tatay." Na sunkuya na ɗaura masa igiyar takalmi, na daɗe ina ɗaurawa.